Kujerar Bappa Tanko

Saƙon ya shigo wayata bayan la'asar,
ina tsintar shinkafa a gindin dalbejiya:
"Daga Litinin kowa ya koma ofis."
Babu sallama, babu yaya gida.
Wanda ya sa hannu yana can Duwala
na'ura na hura masa sanyi,
mu kuwa muna Garwa,
inda ƙadangare ma ke ɗage ƙafa da azahar.

Wata biyar ina lissafin kamfani a tabarma,
kwamfuta bisa turmin da na kifa.
In an ɗauke wuta in koma waya,
da katin da na saya daga kuɗin cefane.
Ko dala ba ta ɓata ba.
Ga littafin nan, ku buɗe.

Yau an ce gida ya koya mana lalaci.

Mu tara a ɗaki mai taga ɗaya,
fanka ta mutu tun bara.
Maganin wanke hannu da ke bakin ƙofa
an tsinka shi da ruwa har ya manta warinsa.
Takunkumi ɗai-ɗai aka raba mana,
wai a wanke, a shanya, a maimaita.

Ga kujerar Bappa Tanko.
Shi ba a taɓa barinsa ya zauna gida ba,
an ce mai mabuɗi ba ya nisa da ƙofa.
Kwana shida ya yi yana tari.
A waya muka ji an kai shi.
Kofin shayinsa na nan kan taga,
tururuwa ta gama da sukarin.
Ta'aziyyar kamfani layi biyu ce,
sunan ma ba su rubuta daidai ba.

Ran Laraba Direkta ya fito a allo,
bayansa labulen falonsa na kaɗawa.
"Mu dangi ne," in ji shi.
Dudu ta ɗaga hannu,
aka kashe mata murya daga can.
Bakinta na motsi, mu kaɗai muka ji.

Da yamma na hau babur, muka tsallake Binuwai,
mai babur na tari, ina riƙe numfashi.
A zaure nake tuɓe mayafi,
in yi wanka kafin in leƙa ɗakin Inna
mai fama da fuka.
Daga bakin ƙofa nake gaishe ta.

Jiya ta ce, "Ladiyo, laifin me na yi miki?"

Na duba littafin lissafi kaf,
ban ga gurbin da zan rubuta wannan ba.