Ɗakin Varo a Hawa na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya mabuɗinsa na hannuna,
don in ciyar da kyanwa in ya kwana asibiti.
Yau kyanwar na gidana.
Shi kuwa jiya muka kai shi, ana yayyafi,
mu bakwai a bakin kabari, har da direban motar.

Evaristo Quental uwarsa ta raɗa masa,
a wani ƙauyen masunta can Fotugal,
inda aka ce tafiyarsa ba ta maza ba ce.
Ya kwaso tafiyar ya kawo ta Amsterdam,
ya datse sunan ya bar Varo,
yadda yake datse hannun riga.

Shi ne tela, shi ne mai sawa.
Wandon fatar nan a jikinsa ya ɗinka shi,
sai da sabulu yake fita, in ji shi, yana dariya.
Shi ne mai hoto, shi ne hoton:
ya kafa kyamara, ya ja igiya ƙarƙashin ƙafarsa,
ya dubi madubi, ya karkata kafaɗa, ya taka.
Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya ba shi takarda.
Da jan fenti ya rubuta a ƙofa: mai zane.
Ya ce wanda bai yarda ba ya hau bene ya goge.

Maza sun saye shi a ɓoye cikin ambulan,
sun ajiye shi ƙarƙashin katifa,
ko bayan hoton aurensu.
Ga wasiƙunsu cike da kwalin takalmi.
Wani ya nemi tsohuwar rigarsa,
wani ya yi alkawarin gida a bakin teku.
Wani malamin lissafi layi biyu kawai ya aiko:
"Na ga ka tsaya ba ka sunkuyar da kai ba.
Daren nan na yi barci."

Duk garin na sonsa, shi Wiebe yake so,
mai gyaran keke, mai baƙin farce,
wanda bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba.
Da cutar nan ta shigo unguwa
ta bi littafin adireshi shafi shafi,
Varo na soke sunaye da biro.
A kan na Wiebe biron ya huda takarda.
Daga ranar bai ƙara taka igiya ba.

Ba zan wanke shi ba don ya mutu.
Marowaci ne, ina binsa kuɗin wuta na wata uku.
Bai taɓa tambayata ciwon gwiwata ba,
sai dai: Femke, yaya kika ga wuyana yau?

Ya tsufa cikin hular da ya yi suna da ita.
Ran nan a kan gada wani saurayi ya gane shi,
ya roƙi hoto, murya na rawa.
Ya ce, wanda kake nema yana sama cikin kwali,
ni maigadinsa ne.
Duk da haka sai da ya karkata kafaɗar.

Gidan tarihin da ya kore shi sau uku
zai aiko mutane ran Litinin da farar safar hannu.
Ɗan ƙanwarsa ya bugo daga ƙauye,
bai tambayi kabari ba, ya tambayi farashi.

Ina shara na ji wani abu ƙarƙashin kafet.
Igiyar ce, tana nan inda ya bar ta.
Na ajiye tsintsiya, na dubi madubi,
tsohuwa da ƙura a gashi,
na taka.
Kyamarar ta ce ƙyas,
ko fim babu a ciki.