Talatin da Tara

Bakwai daidai yake datse ƙofa,
ba da makullin makaranta ba,
da wani kwaɗo mai tsatsa
da yake zarowa daga aljihunsa.

Wanda ya makara da minti guda
sai ya ɗauki darasi ta taga.
Na taɓa tsayawa nan awa biyu,
rana tana cin ƙeyata,
ina kwafar motsin leɓensa.

Farfesa Inuwa Mandawari.
Mu dai Kwaɗo muke ce masa,
in mun tabbata mun wuce Kabuga
kuma babu mai kai masa.

Tsohuwar Vespa gare shi, mai tari,
sai ta gama tarin kafin ya sauka.
Hula a karkace, alli a gemu,
agogon hannunsa ya tsaya tun kafin a haife mu,
amma bai taɓa kuskure lokacinsa ba.

Zulai ta ce, "Malam, wane littafi za mu saya?"
Ya dube ta har mu muka ji kunya.
Ya ce, "Kunne. Ki tambaya a Sabon Gari."
Ya juya yana goge allonsa.

Ranar da zai koya mana karin waƙa
bai shiga aji ba. Ya tasa mu gaba,
mu sittin da ɗoriya, a ƙafa,
har wata maƙera a cikin gari.
Ya ce, "Ku yi shiru."
Guduma ta sauka, ta sauka, ta ɗan jinkirta.
"Wannan jinkirin zan tambaya a jarrabawa."
Badamasi ya tuntsire da dariya.
Baɗi ya sake zaman kwas ɗin,
babu mai jin dariyarsa.

Ni kuwa na ci alwashin burge shi.
Mako uku ina ɗakin karatu,
na jera maganar manya shafi ashirin,
kowace jimla da malafarta.
Ya dawo mini da ita da koren biro:
talatin da tara.
Maki ɗaya tak tsakanina da tsira.

Na bi shi ofis, zuciya tana tafasa.
Littattafai sun cinye kujeru,
yana ɓare gyaɗa a kan aikin wani.
Bai ce in zauna ba. Ina zan zauna?
Ya buɗe shafi na sha bakwai,
inda barci ya ci ƙarfina na rubuta
cewa kakata kan ce magana daddawa ce,
sai ta kwana a rufe take ɗanɗano.

Ya sa yatsa a kai.
"Wannan kaɗai ce taka.
Ita na ba talatin da tara.
Sauran kayan aro ne,
ga katararka nan a waje."
Ya miƙo mini gyaɗa uku
ba tare da ya ɗago kansa ba.

Ban yafe ba a lokacin.
Sa'o'ina suka tafi hidimar ƙasa,
mahaifina ya yi wata guda
ba ya tambayata karatu,
ni ina nan tun shida da rabi
ina jiran ƙarar kwaɗonsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Jiya na gan shi wurin mai faci a Ƙofar Nasarawa,
Vespar a kwance, shi a tsugune,
gemun ya yi fari ba da alli ba.
Na durƙusa na zuba gaisuwa,
na faɗi sunana, da shekarata, da inda nake koyarwa,
da yadda nake yawan ba ɗalibai labarinsa.

Ya bari na gama tsaf.
Ya ce, "Daddawa."
Ya ce, "Har yanzu ba ka bari ta kwana."
Sannan ya tambaye ni canjin ɗari biyar,
mai faci yana jiran kuɗinsa.