Kiwon Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin gwaji na asibiti,
ina farautar ƙwayoyin da ido bai gani,
in kama su kan gilashi, in rubuta wa likita sunansu
don a kashe su.
Yau ga ni a Ƙofar Ƙaura, fansho ta zaunar da ni,
ina lallashin danginsu su tare a falona.

Mannir ya aiko akwatin gilashi daga Kano,
da tsakuwa, da soso, da ɗan injin da ke hura kumfa.
Ya ce, Baba, kar ka sa kifi tukuna,
shi ma ruwa sai ya nuna.

Don haka kowace safiya nakan barbaɗa abinci
ga kifin da bai zo ba.
Ya nutse, ya ruɓe,
ruɓewar ita ce tuwon baƙin da nake jira.
Malam Dikko ya leƙo, ya daɗe yana kallo,
ya ce, na ga mai kiwon tumaki, na ga mai kiwon zabi,
mai kiwon ruwa kam sai a kanka.

Ran Laraba da ran Asabar nake canji.
Lurwanu ɗan garuwa ya sauke jarka biyu,
na famfo ne, yana warin magani,
sai ya kwana a baho, baki buɗe, ya huce.
In tsoma hannun dama a sabo, hagu a tsoho,
in ji ko sanyinsu ya zo ɗaya.
Sannan tiyo. In zuƙa da baki.
Sau biyu ina kurɓar abin da ban yi niyya ba.

Kashi ɗaya cikin huɗu kawai nake ɗiba.
In na bari duka, guba ta yi yawa,
in na cika kwasa, baƙina su kwana da yunwa.
Ba a koya mini wannan awo a makaranta ba.

Kwana na tara ruwan ya yi fari kamar an dama koko.
Ruwa ba ya tsami banza, na ce,
na yi murna ni kaɗai.
Kwana na goma sha ɗaya na dawo daga ɗaurin aure a Rimi,
na tarar da soson a kan igiya,
fes, yana ƙamshin omo.
Hindatu ta ce, ai ya yi yauƙi.
Na buɗe baki,
ta ce, wa ya shekara talatin yana cewa a wanke komai da sabulu?
Na rufe.
Muka koma ƙirga daga ɗaya.

Daren jiya aka ɗauke wuta, kumfa ta tsaya.
Na tashi da tocila a hammata,
ina ɗibar ruwa da kofi ina kwararowa daga sama
don abin da ban taɓa gani ba ya samu iska.
Can na ji motsi.
Ita ce, da ludayi.

Da hantsi na ɗiga maganin gwaji, ɗigo biyar,
na girgiza, na ɗaga kwalbar saitin taga.
Har yanzu shunayya ce, ba shuɗiya ba.
Amma ta fi ta Laraba haske,
ko kuwa idona ne ke son haka.

Murja ta manna hanci a gilashi,
ta riga ta raɗa wa kifi uku suna,
ɗaya wai Ɗan Tsito.
Kaka, yaushe?
In kwalba ta yarda, na ce.

Na ɗauki bokitin tsohon ruwa na fita tsakar gida.
Zogalen bakin rariya,
shi dai bai san jira ba,
ya fi katanga tsawo tun makon jiya.