Takalmin Aro

Shekara ashirin da bakwai ƙafata tana gudu
a kan fedar keken ɗinki, a Tudun Wada,
ba ta taɓa kai ni ko Kwangila ba.
Yau na ɗaure ta cikin takalmin aro
wanda ya fi ta da lamba biyu.
Na cusa ƙyallen shadda ya cike gurbin.

Kwana shida, duwatsu biyar,
daga Kufena har Turunku, a juyo gida a ƙasa.
Mu tara muka fito bayan asuba,
takwas 'yan jami'a masu jaka da igiya,
sai ni, da tumbina, da gorar ruwa.

Littafin awo na mayar na alkawari.
Ƙasan faɗin kafaɗar wani ango
Lantana mai ƙosai ta sa ɗari biyu kan kowane dutse.
Mama Ngozi mai zare ta sa dubu, ta ce kar in faɗa wa mijinta.
Iliya mai faci ya yi dariya har da tari:
"Dubu biyar, in ka dawo da ƙafarka.
In babur ya kawo ka, kai za ka biya ni."

Duk don Ɗayyabu ne, yaron da ke sa mini maɓalli,
da sauran da ke kwance kusa da shi a Shika.
In sikila ta tashi, matashi yake cizo
don kar uwarsa ta ji daga baranda.
Ledar jini ɗaya
ta fi kuɗin babbar riga uku da aikinsu.
Na lissafa. Lissafin ne ya fito da ni.

Kufena ba ta san ni ba.
Ruwan jiya ya bar mata santsi,
na hau ta da hannu, da gwiwa, da salati,
ƙadangare na gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.
A rabi gwiwata ta kama wuta.
Na zauna. Na ce a wuce, zan biyo.
Can na tuna nawa ciwon yana da ƙololuwa,
in na kai, sai gangara.
Nasa fa?
Na miƙe.

Daga sama Zariya tarin ƙyalle ce a ƙasan tebur:
kwano mai tsatsa, koren masara, jan birji,
ganuwa kamar kalmasa da ta warware,
titin jirgi zif ne da aka ja har Kano.
Ashe duk rayuwata
ba ta kai faɗin aljihu ba.

Rana ta uku, bayan Dumbi, takalmin ya buɗe baki.
Yaran suka tsaya cirko-cirko da wayoyinsu.
Na zare allura daga hulata.
A nan kam ni ne jagora.

Wata Bafulatana ta sauke ƙwarya tana kallo,
ta tambayi abin da muka ɓatar a kan duwatsu.
Na faɗa mata.
Ta yi shiru, ta ce nata ma haka ya riƙa yi,
gaɓɓansa na kumbura duk damina,
har ya tafi ba wanda ya gaya mata sunan abin.
Ta kwance bakin zane, naira hamsin, ta sha gumi.
Na ce wane suna zan rubuta?
Ta ce, rubuta Jabɓe.
Ba nata ba ne.

Da dare wayata ta yi ƙara.
"Oga, da ka hau Kufena ka hango asibitin?"
Na ce na hango.
"Ka ga tagarmu?"
Ƙarya ba ta kamaci mai neman lada ba,
amma na ce na gani, har na ɗaga hannu.
Ya ce shi ma ya ɗaga.

Saura biyu.
Kantar yatsana ta fashe, ɗinkin yana riƙe.
Iliya, fara haɗa canjinka.