Gajimaren da Ke Ƙasa

Ƙarfe uku na dare a Kajaani,
dusar ƙanƙara ta toshe taga.
Tuulikki na gadin gajimare,
wanda ba ya sama, ba ya zubar da ruwa,
sai gurnani cikin akwatunan ƙarfe.

Layi na tara ya ɗau zafi.
Ta rage masa kaya, ta aza wa na sha biyu,
rabon tuwon gidan yawa:
kowa da malmalarsa, kada wani ya ƙware.

A wannan zauren ubanta Veikko
ya shekara talatin yana murɗa bawul,
zamanin da itace ke zama takarda.
Da tafin hannu yake jin zazzaɓin tukunya.
Ita kuwa lamba ce ke mata raɗa:
wani famfo, can bayan tafkuna,
ya fara tari.
Ta taɓa allo. Tarin ya lafa.

Ba wanda ya farka, balle ya gode.
Hucin injinan ya bi bututu
ya ɗumama ɗakin tsohon,
wanda har gobe tambayarsa ɗaya:
"Wai me kuke ƙerawa a can?"

Ta kurɓi gahawar da ta huce.
Amsar ba ta kan allo.