Katako Goma Sha Bakwai

Ƙarfe huɗu nake jingine tsintsiyar asibiti,
in wanke hannu da guntun sabulu,
in hau keken da ƙafata ce birkinsa,
in gangara bakin ruwan Yauri
kafin rana ta sunkuya ta sha.

Tsakanin la'asar da magariba, nan ne gonata.
Ba ta kai faɗin tabarma ba,
amma ita kaɗai na gada daga yini,
bayan aiki ya ɗebi nasa,
gida ya ɗebi nasa,
barci ya tsaya a ƙofa yana jiran saura.

Can ƙarƙashin giginya jirgina ke kwance,
haƙarƙari a waje kamar saniyar rani.
Katako goma sha bakwai yake nema.
Tara na kafa.
Takwas na kasuwa suna jirana,
ni ko ina jiran ƙarshen wata.

Su Nomau suna majalisa bakin tasha,
shayi na tafasa, dara na ci.
"Zo mana, sarkin gaggawa, kofi ɗaya!"
Na san kofin nan, na sha shi bara,
gindinsa ya fi rijiya zurfi,
na shiga da la'asar, na fito da isha'i,
ƙusa ko ɗaya ban buga ba.
Yanzu hannu nake ɗagawa daga kan keke,
su ce na yi girman kai. To, na yi.

Wayar ma ɓarauniya ce mai ladabi,
ba ta fasa ƙofa, sallama take yi.
Sai in kashe ta, in tura cikin takalmi,
in ɗora dutse a kai.

Akwai ranar da ƙusa uku kawai na samu,
ta huɗun ta lanƙwashe, ladan ya kira.
Akwai makon da Kulu ta kwanta zazzaɓi,
ban leƙo ba sam,
na dawo na iske gara ta yi walima
a katakon da na ci bashi na saya.
Na zauna kan turɓaya, ban ce uffan ba.
Kogi na wucewa abinsa,
bai taɓa tsayawa yi wa kowa jaje ba.

Tsoho Ɗangoje, mai saƙar koma, ya dube ni:
"Ubanka kwana arba'in ya yi ya gama nasa."
Na ce, Baba, shi yininsa duka nasa ne,
ni ƙeya da wutsiyar yini ake ba ni.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya miƙo mini zartonsa mai kaifi,
ya ce in dawo da shi ranar da jirgi ya jiƙa.

Tun watan jiya Hantsi ke bina,
shekararta takwas, allon lissafi a hammata.
Ita ke riƙe gwangwanin ƙusa,
tana ƙirgawa da ƙarfi, tana ɓata,
tana sake farawa daga ɗaya.
Aikin ya rage sauri, gaskiya.
Ban kore ta ba.

Ta tambaye ni, in an gama ina za mu?
Na nuna mata tsibirin can,
inda hayaƙin bandar kifi ke tashi.
Ta ce kusa ne ashe.
Na ce kusa ne, katako takwas.

Yau na dafa kwalta, na cusa auduga a tsaga biyu.
Hannuna baƙi ƙirin, gobe sista za ta yi faɗa.
Ga jemagu sun fara fita,
ga lasifikar masallacin tasha tana gyaran murya.
Hantsi, rufe gwangwanin.
Kama bakin tamfol ta can, ja,
danne da dutsen nan.
Ɗauko mini takalmina.