Dashe

Tasi'u ya kira bayan La'asar,
ina tsugune a bakin kwamin albasa.
Hannuna duk taɓo, sai Barira ta kara min wayar a kunne.
Ya ce, "Baba, zan sauya kamfani."
Na ce, "Ka sauya mana, wa ya riƙe ka?"
Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

Ashe takardar da ta kai shi can
ba sunansa kaɗai ke kanta ba.
Akwai sunan wani da ban taɓa gani ba,
mai kamfanin da ya ɗauke shi walda,
kuma sai wannan ya saki igiyar
kafin wancan ya kama.
Shekara huɗu yana haɗa bututun ƙarfe a rana,
tartsatsi ya cinye masa gashin gira,
albashin wata uku yana hannun mutane,
amma shi ne zai je ya yi sallama a ƙofar ofis
ya roƙi sa hannu.

Ni abin da na sani dashe ne.
Ba a cire iri da tsakar rana.
Sai ka jiƙa bedin tun da safe,
ka bar ƙasa ta yi laushi ta sake shi da kanta,
in ka fizga, saiwa ta tsinke.
Daga bedi zuwa kwami taku ashirin ne,
amma a nan ake yin asara:
tsiron yana tafin hannunka,
ya bar can, bai isa nan ba,
iska tana shan saiwarsa.
Na faɗa masa haka.
Ya ce, "Baba, nan ba fadamar Auyo ba ce."
Na ce, "Na sani. Kada dai ka fizga."

Saura kwana goma sha tara bizar ta mutu.
Uwarsa ta zuba ƙwallayen dabino goma sha tara a kwanon sha,
kullum bayan Asuba ta cire ɗaya
ba ta ce wa kowa komai ba.
Sabon kamfani ya aiko da tasa takardar.
Tsohon manaja, wai ya yi tafiya.
Ya dawo, wai yana taro.
Ya fito, wai a dawo Lahadi.

Sabis ba ya zuwa sai a kan tudun firamare,
can nake tsayawa da magariba kamar mai duban wata.
Kuɗin man injin ban ruwa bai zo ba wannan watan,
na ranci galan biyu wurin Sabi'u mai shago,
ban faɗa wa yaron ba.
Shi ma bai faɗa min shayi da burodi yake kwana a kai ba,
a muryarsa na ji.

Ranar da ƙwallo huɗu suka rage a kwano
ya kira tun kafin in hau tudun,
maganar tana yankewa:
"...ya sa hannu... an mayar... sabon suna..."
Uwarsa ta juye kwanon, ta shiga ɗaki,
na ji tana fyace hanci.

Na ƙarasa hawa, na ce, "Alhamdu lillahi.
To yaushe za ta zama da sunanka kai kaɗai?"
Shiru.
Ban sani ba ko sabis ne ya ɗauke.

Da safe na koma fadama.
Dashen jiya duk ya kwanta kamar ya mutu,
haka yake yi kwana uku.
Barira ta miƙa hannu za ta ciro ɗaya ta duba.
Na ce, "Bar shi. Je ki buɗe ruwa."